Mutum-mutumi: Abokin Aiki Ko Kishiya?

Jama'a, kada mu ga laifin ma'aikacin da gabansa ya faɗi ran da aka kawo mutum-mutumi wurin aikinsa. Tuwon iyalinsa yake tunani. A 1811 masu saƙa na Nottingham, can Ingila, suka tasam ma injuna da guduma don gudun yunwa. Tarzoma ta bazu, har aka rataye waɗansu a York a 1813, injuna kuwa ba su daina yaɗuwa ba.

To, tun da fasawa ba ta yi magani ba, mene ne abin yi? A ganina, masu kamfani su fara ba na'ura aikin da ke cin lafiyar mutum. Haka General Motors ta yi a 1961. Mutum-mutuminta na fari, Unimate, ƙarfe mai zafi aka sa shi ɗauka daga injin zubi. Wa zai yi kishi da wanda ya ɗauke masa ƙuna?

Amma daɗin baki kaɗai ba ya isa. A gaya wa ma'aikata gaskiya tun da wuri, har da aikin da zai ɓace. A koya musu sarrafa na'urar da gyaranta cikin lokacin aiki, da kuɗin kamfani. In riba ta ƙaru, albashi ma ya ƙaru. Sa'an nan ne ma'aikaci zai karɓi baƙon da hannu biyu.

Mu kuwa da za mu fita koyarwa, sai mu dage wa yara da lissafi da aikin hannu, domin wanda ya iya gyaran na'ura ba a sallamarsa da sauƙi. Allah ya sa mu gane, amin.