Abin da ke Sanyaya Zuciyar Ɗan Guddiri a Ƙasar Waje



Sharhinmu na yau zai leƙa 'yan uwanmu na ƙasar Katagum, wato Guddiri, da ke zaune a ƙasashen waje. Akwai likitan da ya yi aiki a asibitin tarayya na Azare kafin ya koma Saudiyya ko Ingila, akwai ɗalibar da ke karatu a Masar ko Maleshiya, akwai tela da direba da ke neman halaliyarsu a Jidda. Idan hirarsu ta taso a majalisa, a Azare ne ko Chinade ko Madara, maganar ba ta wuce nawa ake canjin riyal yau, wa ya sayi fili, wa ya ɗora bene. Da wuya ka ji wani ya ce, shin wane yana cikin walwala kuwa?

Barin gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin hedikwatar masarauta ta taso daga garin Katagum ta dawo Azare a 1916, wannan ƙasa tana kan hanyar gabas. Maniyyata sun bi ta nan da ƙafa da jakuna, su ratsa Barno, su shiga Chadi, su keta Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, ana yi ana yada zango ana noma a sami guzuri. Bayan yaƙin Burmi a 1903, ayari guda na masu hijira ya bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a Sudan. Waɗannan bayin Allah ba su tafi da dukiya ba. Harshensu suka riƙe, da allon yara, da tuwo da miyar kuka, da gaisuwar safe. Har yau tsiren da ake sayarwa a titunan Sudan da sunan agashe, Hausawa ne suka kai shi. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa suka mayar da baƙunta zama.

To haka abin yake har gobe. Ka tambayi duk wanda ya daɗe a waje ranar da ya fi jin daɗi, zai yi wuya ya ce maka ranar albashi. Zai ce ranar da wani ya dawo daga gida ya miƙo masa ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji dakan mahaifiyarsa. Kilishi kam sai haƙuri, domin ƙasashe irin su Ingila ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga nan. Ran da aka buɗe wannan ƙulli, ɗaki kan ɗauki ƙamshi, a tuƙa tuwo ko da na garin semo ne, a buga wa abokai waya a ce ku zo, an yi baƙo daga gida. Mutum biyar a ɗaki guda, hannu a kwano ɗaya. Wanda bai taɓa shekara yana cin burodi da shinkafar kanti ba, ba zai gane girman wannan dare ba.

Ko kuma mutum yana tsaye a harabar Harami bayan sallar isha'i, cikin dubban al'umma, sai kunnensa ya tsinto Guddiranci a bakin wani dattijo. Bai san shi ba, bai taɓa ganinsa ba. Amma kafin a rabu an gano unguwa, an gano wanda ya auri 'yar wane, an yi musayar lamba. Haka sauraron labaran safe na BBC Hausa, wadda ke magana da mu tun 1957, ko hoton bidiyon hawan salla da ƙane ya turo ta WhatsApp, a ga Mai Martaba Sarkin Katagum ya fito, a ji tambari da algaita. Mutum ya maimaita kallon har cajin waya ya ƙare.

Sai dai a nan akwai wata magana da ya kamata mu gaya wa 'yan uwanmu na waje. Wasunsu sun jingine jin daɗi gaba ɗaya sai ranar komowa. Aiki, barci, aika kuɗi, shi ke nan. Shekara goma ta wuce, mutum bai san sunan maƙwabcinsa ba, bai taɓa zama a lambun unguwarsu ya sha iska ba. Wannan kuskure ne. Kwanakin da ake yi a can su ma daga cikin adadin rayuwa ake cire su. Ƙasar da kake zaune tana da nata alherin: wutar da ba a ɗaukewa, famfon da ba ya ƙafewa, laburaren da za ka shiga kyauta, shayin da abokin aikinka Basudane ko Bapakistane ya haɗa maka, dabinon da wanda ba ka sani ba ya miƙo maka lokacin buɗa baki. A Landan, a watan Disamba, rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, sanyi ya hana fita, kaɗaici ya danne mutum. Wanda ya saba gode wa Allah a kan ƙaramin abu, shi ne ke fita daga irin wannan hunturu da hankalinsa a kwance. Jin daɗin wuri ba mantuwa da gida ba ne.

Mu kuma na gida, rabin wannan farin ciki a hannunmu yake. Akan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma a zamanin da waya ke aljihun kowa, in gida ya bar mutum, da gangan ne. Abin takaici, da yawa daga 'yan uwanmu sun kai matsayin da gabansu ke faɗuwa in sun ga lambar Nijeriya, don sun san bayan sallama buƙata ce za ta biyo. Taimakon ɗan uwa wajibi ne, kuma suna yi. To amma su ma mutane ne masu kewa.

Saboda haka, ya kai mai sauraro, in kana da wa ko ƙane ko 'ya a waje, kira su a wannan makon ba tare da ka nemi komai ba. Ka ba su labarin damina, ka ce gero ya yi kyau ko bai yi ba, kogin Jama'are ya cika ko ya janye, wance ta haihu an sa wa jariri sunan Baba. Ka miƙa wa Inna wayar ta sa musu albarka. In kuma ka ji wani zai tafi, a daka yaji a ƙulla kuka a ba shi ya kai musu.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya. Wassalamu alaikum.