A Bar Tsoho Ya Taka Ƙasa

Kwanan baya na je gaida wani tsohon malaminmu a nan Minna, wanda ya bar aiki bayan shekara 35 yana koyarwa. Na iske gidan a hargitse. Ashe Malam ne ya tara 'ya'yansa ya ce musu shi ya gaji da zaman ƙofar gida, in kaka ta yi zai ɗauki sanda da buta da buzunsa ya kama hanyar Bida a ƙasa, in ya isa can kuma ya yi gaba inda Allah ya nufe shi. Babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah ka yi wa Baba magana. Mutane za su ce mun kasa riƙonsa." Ban yi masa maganar ba, ga kuwa dalilina.

Mu mutanen Minna jirgin ƙasa ya sangarta mu. Tun da aka shimfiɗa dogo daga Baro ya bi ta nan ya kai Kano a 1911, muka ɗauka wanda ya ke tafiya a ƙasa ko dai matalauci ne ko mai taɓin hankali. Alhali kuwa kakanninmu da ƙafa suka san duniya. Fatake sukan yi watanni a hanyar Gwanja neman goro. Masu niyyar Hajji kuwa sukan tashi daga Kano su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, har bakin Bahar Maliya, tafiyar da ta fi mil 2,000. Wani ya yi shekara biyu, wani goma. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, ko a yi tsintar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan, sa'an nan a ci gaba. Waɗansunsu sai da suka aurar da 'ya'ya, furfura ta fito, kana suka tashi. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin kogin Nilu, garin da suka kafa kuwa sunansa ya ke amsawa. Wa ya ce 'ya'yan waɗannan bayin Allah sun kasa riƙonsu?

A sauran ƙasashe ma an yi. A Amurka wata tsohuwa, Emma Gatewood, tana da shekara 67 ta taka hanyar duwatsun Appalachia ita kaɗai a 1955, fiye da mil 2,000, cikin kwana 146. A Japan kuwa wani attajiri, Ino Tadataka, ya bar wa ɗansa kasuwanci ya koma ɗalibi, sa'an nan a 1800, yana da shekara 55, ya shiga zagaya gaɓar ƙasarsu yana awo. Shekara 17 ya yi a kan wannan, aka sami taswirar da aka daɗe ana amfani da ita. Malaman labarin ƙasa, sai ku riƙe wannan suna.

Kunyar da 'ya'yan Malam su ke ji ba ta dame ni ba. Mun sha ganin yadda malami ya ke lalacewa in ya ajiye alli: daga tabarma sai masallaci, sai jiran fansho, ba a jima ba ƙafa ta kumbura, ido ya dushe. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. In dai mutum ya biya bashinsa, ya bar wa iyali abin da za su ci, uwargida kuma ta yarda, likita ya duba shi, ban ga mai ikon ɓoye masa takalma ba.

Amma akwai magana guda mai nauyi, ba kuwa zan kauce mata ba, watau hanya. Ba wanda ya manta an kwashe ɗalibai a Kagara cikin Fabrairu 2021, an kuma kwashe yaran Islamiyya a Tegina cikin Mayun shekarar. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya ragargaza garuruwan Darfur da alhazan da su ke yada zango. Wanda ya ce tsoho ya bi ko'ina ba mai ƙaunarsa ba ne. Sai a zaɓi hanya, a tambaya kafin a shiga daji, a kuma isa gari da sauran rana.

Ɓarnar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda tsoron ya yi a zukatanmu. Ƙarfin ƙafa kaɗai bai kai kowa Makka ba, zauren mutane ne ya kai su. Matafiyi ya iso da magariba, a kai shi wurin mai unguwa ko liman, a kawo ruwa, a kawo tuwo, ba a tambayarsa kome sai ya huta. Yanzu fa? Baƙo da sanda da jaka ya shigo ƙauye, kafin ya yi sallama an ce ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Ban ga laifin mutanen ƙauye ƙwarai ba, sun ga abin da suka gani. Amma in aka rufe zaure, tsoho mai ƙafar ƙarfe ma ba zai wuce Bosso ba.

A nan ne ku ɗalibanmu ku ke da abin yi, tun da yawancinku ƙauyuka za a tura ku. Malamin makaranta sananne ne a gari, in ya ce ya san baƙo an yarda. Ku karɓi irin waɗannan dattawa, ku gabatar da su ga mai gari, da safe ku sa su gaban yara su ba da labarin garuruwan da suka ratsa, sa'an nan ku ba su takarda zuwa ga malamin gari na gaba.

Ni dai na rubuta wa wani tsohon ɗalibina da ya ke koyarwa wajen Kataeregi, ya kuwa amsa ya ce ɗaki na nan. Daga Minna zuwa Bida mil 50 ne da 'yan kai, Malam ya ce kwana biyar zai yi, ba ya sauri. Babban ɗan har yanzu bai saki fuska da ni ba, amma na ji shi ya sayo wa Baban sabon takalmi.