Raddi ga Mai Haramta "They" ga Mutum Ɗaya

Malam, takardarka da ke yawo a hannun malaman Turanci ta baro Birnin Kudu ta iske mu a Gwaram. Ka yanke hukuncin cewa duk ɗalibin da ya sa "they" a madadin mutum ɗaya a ja masa jan biro. Takardar ta same ni ina duba littafin wata ɗaliba da ta rubuta "Somebody left their bag". An tsinci jaka a aji, ba a san ko ta namiji ce ko ta mace ba. Hujjojinka huɗu ne, ga amsarsu bi da bi.

Ta farko, ka ce bidi'ar 'yan zamani ce. Malam, wanda yau ya fara ganin zanen shanun Dutsen Habude ba zai ce jiya aka yi shi ba. Ƙamus na Oxford ya gano wannan amfani tun a rubutun shekarar 1375, kuma yana nan a ayyukan Chaucer da Shakespeare da Jane Austen. Haramcin ne baƙo. Ann Fisher ta zaɓi "he" a littafin nahawunta na 1745, Lindley Murray ya ƙara yaɗa dokar a 1795. Ashe wanda ka kira baƙo ya girmi mai gida da shekara fiye da ɗari uku.

Ta biyu, ka ce jam'i ba ya tsaya wa tilo. To ina ka baro "you"? Asalinta jam'i ce, tilonta "thou". A 1660 George Fox ya wallafa littafi yana wautar da masu ce wa mutum ɗaya "you". Yau kai kanka "you are" kake ce wa ɗalibi guda, ba ka taɓa jin nauyi ba. Mu ma a gida, idan almajiri ya ce "Malam sun fito", ba wanda ke leƙa zaure yana ƙirga malamai.

Ta uku, ka ce "he" ta wadatar, kamar yadda namiji ke rinjaye a nahawun Larabci. Kowane harshe da nasa allon. Da kunnen Bature na jin mace a cikin "he", da majalisar Birtaniya ba ta buƙaci dokar 1850 don ta ce lafazin namiji ya haɗa da mace ba. Ka gwada rubuta "his card" a ƙofar ɗakin awon ciki, ka ga ko matan ba za su yi dariya ba. Maƙwabtanmu Fulani kuwa "o" ɗaya suke ce wa namiji da mace, Fulatanci bai rushe ba.

Ta huɗu, ka ce ƙofa ce ga aƙidar masu cewa su ba maza ba ne ba mata ba. A nan ka haɗa kaza da zabo a akurki ɗaya. Gaskiya ne ƙamus na Merriam-Webster ya shigar da wannan sabuwar ma'ana a 2019, kuma ko a Amurka ana jayayya a kanta. Amma ɗalibata ba wannan take nufi ba. Mai jaka ne ba ta sani ba, kamar yadda Bahaushe kan ce "an bar jaka".

Abu ɗaya na sallama maka: a jarrabawar WAEC da NECO takardar yaro kan iya faɗawa hannun mai ra'ayi irin naka. Don haka nake koya wa ɗalibaina su mai da jimlar jam'i tun daga farkonta, a zauna lafiya. Wannan dabarar cin jarrabawa ce, ba hukuncin nahawu ba.

Ita kuwa yarinyar, na ba ta makinta cikakke. Idan kana da hujja ta biyar, hanyar Gwaram ba ta da nisa.