Bayan An Sallami Mai Shanyewar Ɓarin Jiki, Wa Zai Duba Shi?

A watan Mayun 2023 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da ƙudurin ƙarfafa aikin farfaɗo da majinyata, har da horar da ma'aikata. Wannan ya shafe ka. Idan mahaifinka ya samu shanyewar ɓarin jiki, a watanni ukun farko jiki ya fi saurin dawowa. Masu gashin ƙashi muna da su, Jami'ar Bayero ma tana yaye su. Amma likitan da ya ƙware wajen duba sandarewar gaɓoɓi, matsalar fitsari da ta haɗiya gaba ɗaya, da wuya ka same shi. Yawancinmu a ɗan kwas muke tsintar ilimin. Don haka kafin sallama, ka nemi takardar zuwa sashen gashi, da ranar farawa.