HUSUFI DA ZAMAN LAFIYARMU A KUDU

Ran 7 ga Satumba, 2025, da magariba, wata ya fito jajawur a sararin Nijeriya, aka yi husufi. An yi salla, yara sun kaɗa gwangwanaye, gari ya waye lafiya. Wannan abin godiya ne, domin masu karatu da yawa ba su manta da daren 9 ga Janairu, 2001 ba, lokacin da husufi ya sa waɗansu samari a Maiduguri suka cinna wa otal-otal da gidajen giya wuta, wai zunubin masu su ne ya jawo abin. Mu da muke neman abinci a Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal mun san cewa in wuta ta tashi a gida, mu ne hayaƙinta kan fara tarar wa. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda husufi yake aukuwa.

Duniya tana kewaya rana, wata kuma yana kewaya duniya. Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 da rabi ne. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. In duniya ta shiga tsakaninsu, inuwarta ta faɗa a kansa, shi ne husufin wata, kuma ba ya aukuwa sai wata ya cika, watau wajen daren 14 ko 15. Jan da yake yi kuwa ɗan hasken rana ne da ya ratso iskar duniya ya lanƙwasa ya same shi. In wata ne ya gitta tsakaninmu da rana, sai a yi husufin rana, wannan kuma sai a ƙarshen wata. Abin da ya hana a yi husufi kowane wata shi ne hanyar wata ta ɗan karkace da kamar digiri 5, don haka galibi yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar.

Tun zamanin mutanen Babila aka gane cewa husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11. To, mu gwada. Ɗan'uwan husufin 2001 ya dawo ran 21 ga Janairu, 2019, da asuba. Wanda ya duhunta Shaki da Gusau da Katsina da rana tsaka-tsakin hantsi ran 29 ga Maris, 2006, ya dawo ran 8 ga Afrilu, 2024, amma a Meziko da Amurka da Kanada. Abin da aka san ranarsa shekaru kafin ya zo, yaya za a ɗora shi a kan maƙwabci? Malamai ma sun sha faɗa mana cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, Manzo kuwa ya hana a danganta abin da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya yi umurni da salla da addu'a.

Ran 2 ga Agusta, 2027, rana za ta rufe ruf a Maroko da Libiya da Masar har da Makka, a Arewacin Nijeriya kuma wani sashenta ne zai rufe. Muna kira ga sarakunan Hausawa da limaman Sabo da Agege da Idi-Araba su fara faɗakar da jama'a tun yanzu, mu kuma mu aika gida da labarin. A ja wa yara kunne kada su kalli rana da ido tsirara ko da baƙin tabarau, domin tana ƙona ido. Wanda ya san ranar baƙo ba ya firgita da sallamarsa. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.