Hitar Mota Ta Fara Yoyo: A Liƙe Ko A Sake?

'Yan'uwa, wani lokaci mukan shiga mota mu tarar shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, ga wani ƙanshi kamar na alewa. Kowace safiya kuma sai an ƙara ruwa a lagireto. Waɗannan alamu ne cewa ƙaramin lagireton hita, wanda ke ɓoye a bayan dashbod, ya huje.

Mun san abin da bakanike zai ce: a haɗe tiyo biyun kawai, wa ke bukatar hita a ƙasar zafi? Wannan dabara za ta kai mu gida, amma ba gyara ba ce. Duk wanda ya taɓa hawan Jos ko Mambila da asubar hunturu, ko cikin ruwan Agusta, ya san iskar hita ce ke share gilashi har direba ya ga hanya.

To, a liƙe ko a sake? In na tagulla ne irin na tsofaffin motoci, gwani zai iya liƙe shi da dalma. Amma yawancin na yanzu na alminiyam ne, liƙinsu ba ya daɗewa. Kuma yawan kuɗin a kwance dashbod yake tafiya. Don me za mu biya sau biyu? Araha ba ta ado. Mu sa sabo.

Kada kuma mu yi jinkiri. Ran da ruwan ya tsiyaye a tsakiyar daji, inji ne zai ƙone, ga iyali a cikin mota.