Wanda Ya Bar Kirga, Shi Ya Mayar da Birij Caca

A teburin wasan birij babu uzurin da aka fi ji kamar “sarkin ya faɗo a hannun da bai dace ba”. Mai kwangila, wato wanda ya yi alkawarin yawan zagayen da zai ci, ya buga sarauniya da fatan sarki yana hannun abokin hamayya na dama, sai ya fito daga hagu. Kwangila ta rushe, an ɗora wa sa'a laifi. Wannan dabarar, da ake kira fines, rabi ce da rabi, tamkar jefa kwabo sama. Duk da haka ita ake fara cusa wa ɗan koyo, a ɓoye masa hanyoyin da ke kawar da ita, wai sun fi ƙarfinsa. Wannan tsari na koyarwa kuskure ne, kuma shi ke ba masu kiran wasan caca hujja.

A duba tarkon ƙarshe. Mai kwangila yana da sarki, jak da ƙaramin kati na jinsin zuciya. Abokinsa, wanda ya baje katunansa a tebur, yana da es, goma da ƙarami. Sarauniya tana wajen ɗaya daga cikin abokan hamayya. Idan ya taɓa jinsin da kansa, dole ya yi canki. Amma idan ya zare katunan yanka na abokan hamayya, ya share sauran jinsuna daga hannuwansa biyu, sannan da gangan ya bar musu zagaye guda, wanda ya ci shi zai fara bugu. Ya buga zuciya, sarauniya ta mutu ko a ina take. Ya buga wani jinsi, mai kwangila ya yanka a hannu ɗaya ya yar da kati mara amfani a ɗayan. Rabi ya koma tabbas. Ina wahalar da ta sa ake ajiye wannan sai ga gwanaye?

Matsi ya fi shi kwarjini, kuma sunansa, wanda ake dangantawa da Sidney Lenz na Amurka, ya taimaka wajen tsorata mutane. Asalinsa kuwa mai sauƙi ne: mutum ɗaya ba ya iya tsaron ƙofa biyu. Kati uku suka rage. A tebur akwai es da jak na shebur da sarkin zuciya. Na hagu yana riƙe da sarki da sarauniyar shebur da es na zuciya. Mai kwangila ya buga katinsa mai ci na jinsin lu'ulu'u, wanda ba kowa ke da shi ba. Na hagu ya saki es na zuciya, sarkin tebur ya zama mai ci. Ya saki sarauniyar shebur, es ya kayar da sarki, jak ya ci. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne a sallama zagayen da dole a rasa tun da wuri, har ya rage saura guda kacal ake nema; in ba haka ba, abokin hamayya yana da katin banza da zai jefar ya numfasa. Clyde Love, malamin lissafi, ya tsara waɗannan sharuɗɗa a littafinsa na 1959.

Masu kare tsohon tsari suna cewa ɗan koyo ba zai iya riƙe lissafin kati 52 ba. Ai ba 52 ake nema ba: kirga zuwa 13 ne, sau huɗu. Kuma akwai gaskiya a cewa wani lokaci fines ce kaɗai mafita. Sai dai a yi ta bayan an rasa wata hanya.

A gasa, inda ake rarraba katuna iri ɗaya a tebura da yawa a kwatanta sakamako, uzurin sa'a ba ya tsayuwa. Shi ya sa Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da hukumar birij ta duniya a 1999, aka kuma sa wasan a Gasar Asiya ta 2018 a Jakarta. A can, sarkin nan yana hagu a kowane tebur, amma wasu sun cika kwangilarsu.